Jawabi A Kan Kallabin Alharini Na Mutanen Azarbaijan

   Mata da ke can gefe, ku matso kaɗan, don maganar yau ta fi shafarku. Amma fa kada maza su ce ba ruwansu, gama za ku ji nan gaba cewa abin da mata ke ɗaurawa a kai, hannun maza ne ke yinsa.

Yau labarin wani kallabi zan ba ku, na wata ƙasa mai nisa, sunanta Azarbaijan. In mutum ya bar Makka ya yi arewa, ya ratsa Iraƙi, ya ratsa Iran, to, yana fita Iran ta arewa sai ya faɗa cikinta. Rasha na arewa da ita. Jojiya da Armeniya na yamma. Gabas kuwa ruwa ne, wani babban tafki mai gishiri wanda sabo da girmansa a ke ce masa Tekun Kasfiyan. Babban birninsu, Baku, a bakin wannan ruwa ya ke. Mutanen ƙasar sun kai miliyan 10, yawancinsu Musulmi ne, harshensu kuwa ɗan'uwan Turkanci ne. A arewacin ƙasar akwai manyan duwatsu masu ƙanƙara a ka, ana kiransu Kafkaz. Ku riƙe waɗannan duwatsu a zuci, don a gindinsu labarinmu ya ke.

Sunan kallabin da harshensu kalagayi. Ba shi da wuyar riƙewa, tun da a kunne ya yi kusa da kallabi. Murabba'i ne, watau tsawonsa da fāɗinsa ɗaya, kowane gefe wajen mita ɗaya da rabi, kamar kamu uku ke nan. Kun ga ashe ya fi ɗankwali nesa, ya fi kusa da gyale. Mace takan ninka shi, ta rufe kai da wuya da ƙirji, ta jefa baki ɗaya bisa kafaɗa. Duk girman nan nasa ba shi da nauyi ko kaɗan. Masu sayarwa su kan nuna kyaunsa da zobe: su cusa bakinsa cikin zoben hannu, su ja, sai ka ga kallabin duka ya sulale ya fita ta ɗaya gefen. Masu ɗaura shi kuwa sun ce da zafi yana da sanyi, da ɗari yana da ɗumi.

Abin da ya sa haka, da alharini tsantsa a ke saƙa shi, abin da yaran yanzu ke kira siliki. Alharini ba baƙo ba ne gare mu. Sunan ma daga Larabci muka samo shi, kuma fatake sun daɗe suna kawo shi Kano ta Sahara, daga Tarabulus, ja wur, masu ɗinki suna yi wa manyan riguna aiki da shi. Har wa yau muna da namu na gida, watau tsamiya, wadda wasu tsutsotsin daji ke yi. Wanda ya taɓa ganin rigar tsamiya ya san ba ta da sheƙi sosai, tana da ɗan kaushi. To, na mutanen Azarbaijan ma tsutsa ce ke yinsa, amma ba ta daji ba. Kiwonta a ke yi a gida kamar yadda a ke kiwon kaji. Asalin wannan kiwo daga ƙasar Sin ne, shekaru dubbai da suka wuce, sa'an nan ya biyo hanyar fatake har ya iso yamma.

Ga yadda kiwon ya ke. Da bazararsu, in sanyi ya wuce, itatuwa sun fara toho, sai a ɗauko ƙwan tsutsar. Ƙanana ne ƙwarai, ba su kai ƙwayar gero ba. A ajiye su wuri mai ɗumi har su ƙyanƙyashe. Tsutsar ba ta son kome sai ganyen wani itace da su ke kira tut. In ka ba ta wani ganye, wahalar banza ka yi. Da fari sai an yayyanka mata ganyen ƙanana, in ta yi ƙwari a riƙa zuba mata da rassa. Wajen wata guda ta ke yi tana ci, dare da rana, ta yi saɓa sau huɗu. A makon ƙarshe cin nata ya kan yi yawa har in ka shiga ɗakin sai ka ji kamar ana yayyafi bisa rufi. A wannan wata mutanen gidan ba su da hutu. Wani na bisa itace yana sara, wani na ɗauko ganye, wata na share kashin tsutsa, don ƙazanta da laima su ne ke kawo musu cuta. In cuta ta shiga ɗaki kuwa, wahalar wata guda ta tafi.

In ta ƙoshi sai ta daina ci. Ta hau kan ƙiraren da aka jera mata, ta fara fid da zare daga bakinta, tana naɗe kanta da shi. Cikin kwana uku ko huɗu ta rufe kanta ruf cikin wani ɗan ƙwanso fari, kamar ƙwan tantabara ko ƙasa da haka. Abin mamaki, jama'a, ƙwanson nan duka zare ɗaya ne, ba yankewa, tsawonsa ya kan kai mita ɗari da yawa, wani ma ya kusa dubu. Da za a ƙyale ta, bayan mako biyu sai ta zama wani irin malam-buɗe-littafi fari, ta huda ƙwanson ta fito. In ta huda kuwa ta tsinka zaren ke nan, ya lalace. Don haka ba a bari ta kai ga nan. Ana sa ƙwansunan cikin zafi tsutsar ta mutu a ciki, sai kaɗan da a ke ragewa don iri.

Daga nan sai a jefa su cikin ruwan zafi, danƙon da ya manne zaren ya yi laushi, a lalubo bakin zaren. Zaren tsutsa ɗaya ya fi gashin kai siranta, ba ya saƙuwa shi kaɗai. Sai an haɗa na ƙwanso da dama a naɗe su tare, sa'an nan a sami zare guda. Kafin a tara laba ɗaya ta alharini sai an warware ƙwanso dubu biyu ko uku. Wanda ya ji wannan lissafi ba zai ƙara tambayar abin da ya sa alharini ke da tsada ba.

Masaƙi shi ne na biyu. Ya kan zaɓi zare mafi siranta, ya yi wadari, ya ɗora a masaƙa, ya yi ta jefa ƙoshiya. Masaƙarsu mai fāɗi ce, ba irin ta ƙwarya da a ke saƙawa siriri a zo a harhaɗa ba. Fāɗin kallabin duka a ke saƙawa gaba ɗaya. Amma in aka sauke saƙar daga masaƙa ba za ka ce alharini ba ne, gama tana da tauri, ba ta sheƙi, don danƙon tsutsa na nan a jikin zaren. Sai an dafa ta. Dafuwar nan ita ke wanke danƙon, har nauyin saƙar ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. A shanya, a yanka murabba'i murabba'i. Yanzu ga farin ƙyalle mai laushi, amma tukuna bai zama kalagayi ba.

Wurin marini ne aikin ya ke zama abin kallo, nan kuma zan ɗan daɗe.

Marinin yana da hatimai na itace, su kan kira su galib. Ana sassaƙa su da itace mai tauri, wanda ba ya tsagewa in ya sha zafi, wasu kuma ana kafa musu bakin ƙarfe don zanen ya fita siriri. Kowane hatimi da nasa zane, wani fure, wani ganye, wani tsuntsu, wani layi mai lanƙwasa. Gefe guda kuma ga kasko bisa wuta, a ciki an narka ƙaron wani itace, da kakin kyandir, da maiƙo. Marini ya shimfiɗa farin ƙyallen bisa tebur. Ya tsoma hatimi cikin kaskon, ya ɗan kakkaɓe, ya danna bisa ƙyallen, ya ɗaga. Ya sake tsomawa, ya danna kusa da na fari. Haka zai yi ta yi har ya kewaye gefe huɗu, ya yi kusurwoyi, ya yi tsakiya. Kallabi ɗaya ya kan ci dannawa masu yawan gaske.

To, ku lura da kyau, abin da ya danna ɗin nan ba launi ba ne. Kariya ce. Duk inda kakin ya taɓa, ya ratsa ƙyallen ya daskare, rini ba zai shiga nan ba. Wanda ya san yadda a ke ɗaure zane da zare kafin a kai shi karofi, in an kwance a ga wurin ɗaurin ya fito fari, ya riga ya gane dabarar. Bambancin kawai, a nan kaki ne ke tsare wurin, ba ɗauri ba. In an gama dannawa sai a tsoma ƙyallen cikin rini. Ruwan rinin kuma ba a barinsa ya yi zafin da zai narka kakin, in ba haka ba zanen ya tafi.

In launi biyu kaɗai a ke so, shi ke nan, an gama. In kuwa ana son uku ko huɗu, sai an koma. Ana farawa da launi mai haske. Misali, a danna kaki inda a ke so ya zauna fari, a rina rawaya. A shanya. A sake danna kaki inda a ke so ya zauna rawaya, a rina ja. A shanya. A sake rufe inda a ke so ya zauna ja, a rina baƙi. Kun ga ke nan tun kafin ya taɓa hatimi, sai marini ya riga ya ga kallabin a zuciyarsa, daga ƙarshe zuwa farko. Can a ƙarshe sai a dafa shi da ruwan zafi da sabulu, kaki ya narke ya fita, launukan da aka ɓoye su bayyana gaba ɗaya. Sai a lokacin ne mai aiki zai san ko ya yi daidai. Babu gogewa a wannan sana'a. In hannunsa ya goce, ko kaki ya ɗiga inda ba a so, tabon na nan har kallabin ya tsufa. In kakin ya huce da yawa ba zai ratsa ba, rini ya bi ta ƙarƙashi. In ya yi zafi da yawa sai ya malale, zanen ya kumbura. Sanin daidai ɗin nan a hannu ya ke, yaro ba ya samunsa sai ya yi shekaru tsaye kusa da kasko.

Rinin kansa daga tsiro su ke samo shi tun kaka da kakanni. Akwai ɓawon albasa, akwai za'afaran, akwai tuffar daji, da wani itace mai 'ya'ya masu tsami da a ke kira sumak, da waɗansu itatuwan dutse waɗanda ba mu da su a nan. Har sunan wani irin kalagayi ma daga albasa aka samo shi, sogani, don da harshensu sogan ita ce albasa. Wani kuma ana ce masa istiotu, daga sunan barkono. Akwai heirati, wanda ya yi suna ƙwarai.

Zanen da ya fi kowane yawa shi ne buta. Kusan kowa a nan ya taɓa ganinsa a jikin atamfa ko darduma ko gyale, ko da bai san sunansa ba. Kamar ɗigon ruwa ya ke, ko ɗan mangwaro, mai ƙaton ciki da siririn kai wanda ya lanƙwasa. Mutanen Azarbaijan da yawa su kan ce harshen wuta ne, gama suna yi wa ƙasarsu kirari da ƙasar wuta, sabo da akwai wuraren da iskar gas ke fitowa daga ƙasa tana ci da wuta. Turawa kuwa suna kiran wannan zane Paisley, sunan wani gari a Sikotilan inda aka yi ta saƙa mayafai masu irin zanen a ƙarni na 19. Ku ji fa, zanen na mutanen gabas ne, amma wanda ya kwaikwaya shi ne sunansa ya bi duniya. Ban da buta, kowane kalagayi yana da zanen da ya kewaye bakinsa kamar ganuwa, sau da yawa kuma da wani zagayayyen zane a tsakiya, wanda su ke kira honca, sunan faifan kayan zaƙi da a ke ɗauka ran biki.

Sana'ar gado ce, kuma yawanci ta maza. Ba makaranta a ke shiga a koya ba. Ɗa na ganin ubansa, ko yaro ya zauna gaban maigida. Kowane gida da irin zanensa da irin haɗin launinsa, har wanda ya san abin, in ya ga kallabi a kan mace, ya kan gane daga wane gida ya fito. Hatiman ma gadonsu a ke yi. Akwai marinan da har yau da hatiman kakanninsu su ke aiki.

Yanzu mu bar masu yi, mu koma wurin masu ɗaurawa.

A can, launin kallabi magana ne. 'Yan mata da amare su ke ɗaura masu haske, fari da ja da makamantansu. Mace in ta manyanta sai ta koma masu duhu, baƙi ko shuɗi mai duhu ko ƙasa-ƙasa. Ran makoki baƙi a ke ɗaurawa. Ran aure kuwa ja ne sarki. Cikin kayan da dangin ango ke kai wa gidan yarinya ran baiko, tare da zobe, a kan sa kalagayi. Ran ƙunshi, gama su ma suna sa wa amarya lalle, da jan kallabi a ke lulluɓe ta. Ana kuma yi wa ango da abokansa na dama da hagu kyautarsa, a rataya musu a wuya. A da, amarya in ta tare, takan ja bakin kallabinta ta rufe bakinta gaban surukinta, don kunya. Wannan kam ba sai na yi muku bayani ba.

Amma al'adar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wannan. A zamanin da, in maza biyu suka kaure da faɗa, ko dangi biyu suka zare wuƙaƙe, har aka rasa mai shiga tsakani, mace takan zo ta cire kallabinta ta jefa a ƙasa tsakaninsu. Shi ke nan, faɗa ya ƙare. Ba wanda zai tsallake kallabin nan ya kai sara, in dai yana son a ci gaba da kiransa mutum a garin. Ba a Azarbaijan kaɗai ba, al'ummomi da dama na duwatsun Kafkaz sun san wannan al'ada. Ku duba abin da kyau. Matar nan ba ta da makami, ba ta da sarauta, ba alƙali ba ce. Abin da ta ke da shi mutuncinta ne, ga shi ta tuɓe shi daga kanta ta ajiye a ƙasa gaban jama'a. Wanda ya taka shi, ba abokin faɗansa ya ci wa mutunci ba, uwa ya ci wa. Ni a ganina, mutanen da suka mai da ƙyallen da ke wucewa ta cikin zobe ya zama abin da ke tsai da wuƙa, sun san abin da su ke yi. Kuma al'adar ba ta aiki sai in maza sun yarda da ita tun kafin ran faɗa.

A da ana yin kalagayi a garuruwa da dama, kamar Ganja da Shamaki da Nahciwan, har da Tabriz, wadda ke cikin Iran amma yawancin mutanenta harshensu ɗaya da na Azarbaijan. Yau sana'ar ta tattaru a wuri biyu. Ɗaya Basgal, wani ɗan gari ne bisa dutse a gundumar Ismayilli, mai tituna na jeren duwatsu. Ɗayan kuwa Sheki, birni ne a gindin Kafkaz, wajen kilomita 300 daga Baku in an bi hanyar mota. Tsohon garin Sheki ambaliyar laka ce ta cinye shi a 1772, mutane suka sake gini a wuri mai tudu. Arzikin da aka gina sabon garin da shi, na alharini ne. Har yanzu fadar sarkinsu na da tana nan, mai tagogin gilashi launi launi, da manyan masaukan fatake, inda a ke ajiye kaya a ƙasa, baƙi su kwana a bene. An daɗe ana kiran garin Nuha, sai a 1968 aka mayar masa da sunan Sheki.

A 1920 ƙasar ta shiga hannun 'yan gurguzu, daga baya ta zama yanki na Tarayyar Sobiyet. A ƙarƙashin wannan mulki ba a yarda mutum ya buɗe masana'antar kansa ba, sai aka tattara masu sana'a cikin ƙungiyoyin da hukuma ke riƙe da su. An gina wata ƙatuwar masana'antar alharini a Sheki mai ɗaukar ma'aikata dubbai, ƙauyuka kuma suna kawo mata ƙwanso tan dubbai kowace shekara. Zare dai ya wadata. Amma a birane mata suka fara barin kallabi, ya zama kayan tsofaffi da mutanen ƙauye.

Babbar girgizar ta zo bayan 1991, sa'ad da Tarayyar Sobiyet ta wargaje, Azarbaijan ta sami mulkin kai. Mulkin kai abin murna ne, amma hukumar da ke raba ƙwan tsutsa ta tafi, mai sayen ƙwanso ya tafi, masana'antu suka tsaya. Manomi ya ga ba mai sayen wahalarsa, sai ya daina kiwo. Gonakin tut da yawa aka sare, ko aka bari suka lalace. Abin ya yi ta raguwa har a 2015 ƙwanson da ƙasar duka ta tara bai kai tan ɗaya ba. Ƙasar da ta saba tara dubbai! Kun ga yadda abin ya ke. Marini yana nan da hatimansa, masaƙi yana nan da masaƙarsa, amma in mai tsinkar ganye ya daina, su duka sun zauna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Waɗanda suka nace da sana'ar sai da suka koma sayen zare daga waje.

Ana cikin haka kuma sai kasuwa ta cika da na kwaikwayo. Inji ya buga buta bisa yadin roba, dubu a yini, a sayar da arha. Daga nesa kamar kalagayi. Mai ƙaramin ƙarfi ba za a ga laifinta ba in ta saya, kowa da gwargwadon aljihunsa. Amma baƙon da ya zo da kuɗinsa yana neman na gaske, aka miƙa masa na roba da sunan na Basgal, an cuce shi, an kuma cuci marini, gama shi ne aka ci kasuwa da sunansa. Mu mun ce araha ba ta ado, amma araha tana iya kashe mai yin ado.

Ba a zauna an zuba ido ba. A farkon shekarun 2000 wata malama masaniya, Rena Ibrahimbeyova, da abokan aikinta suka buɗe wurin saƙa da rini a Basgal, suka nemo tsofaffin masu sana'a da tsofaffin hatimai, aka sa matasa koyo, aka kuma yi ɗakin ajiye kalagayi na da don masu zuwa kallo. A watan Nuwamba 2014, UNESCO, watau hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilmi da al'adu, ta sa yin kalagayi da ɗaura shi cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam. Daga 2016 gwamnati ta shiga raba wa manoma ƙwan tsutsa da dashen tut, tana ƙara musu kuɗi a kan kowane kilo, har a 2019 ƙwanson da aka tara ya wuce tan 600. A shekarar nan ta 2019 tsohon birnin Sheki da fadarsa suka shiga jerin wuraren tarihi na duniya. A 2022 kuma aka sa kiwon tsutsar alharini kansa cikin jerin al'adun gado, da sunan ƙasashe bakwai, har da Azarbaijan.

Duk wannan ya yi kyau. Amma kada mu ruɗe, takardar UNESCO ba ta saya wa marini itacen wuta. Abin da ya fi takarda amfani shi ne 'yan matan Baku sun fara komawa ga kalagayi. Ba lalle su ɗaura shi yadda kakanninsu suka yi ba. Wata ta rataya a wuya, wata ta yafa a kafaɗa bisa tufafin zamani. Masu sana'ar ma sun fara yin ƙanana da dogaye don su. Akwai dattawan da abin bai yi musu daɗi ba, suna ganin an rage masa daraja. Ni kuwa ina ganin gara a ɗaura shi ta sabuwar hanya da a ninke shi cikin akwati. Damuwar da ta rage ita ce ta magaji. Aikin na da zafi da hayaƙi, koyonsa na da tsawo, Baku kuwa ga ta nan kusa, da kuɗin man fetur, tana kiran samari. Gidajen da suka riƙe sana'ar ba su da yawa. In ɗa ɗaya ya ce shi ba zai tsaya kusa da kasko ba, zanen gidansu ya tafi ke nan, ko da hatiman na nan a rataye.

Cikinku akwai 'yan kasuwa, akwai masu tafiye-tafiye. Wata rana wani zai miƙo muku kallabi ya ce alharini ne aikin hannu, ko na Azarbaijan ko na wata ƙasa. To, ku juya bayansa ku duba. Wanda aka yi da kaki aka tsoma a rini, zanensa ciki da waje ɗaya ne, gama kaki da rini duka sun ratsa. Na inji sau da yawa bayansa ya kan yi fari-fari. Sa'an nan ku bi zanen bakin da ido. Aikin hannu ba ya rasa inda hatimi ya ɗan hau kan ɗan'uwansa, ko ya ɗan ba da rata, na inji kuwa kowace buta daidai da 'yar'uwarta. In mai kaya ya yarda, ku zare ɗan zare ɗaya daga gefe ku sa masa ashana. Alharini yana ƙonewa a hankali, da ƙauri irin na gashi, in an janye wutar ya mutu, tokarsa kuma in ka murza sai ta zama gari. Na roba kuwa narkewa ya ke yi, ya dunƙule ya yi tauri. In an saya kuma, a gaya wa uwargida kada ta kai shi bakin rijiya ta buga. Da ruwa mai sanyi a ke wanke shi, da hannu, ba a matsewa da ƙarfi, a shanya a inuwa.